Gaɓar da Yaya Yake Bugawa

Duk wanda ya yi sakandare a Bagudo a zamanin da yayana yake koyar da Turanci ya san ƙarar ajinsa kafin ya san fuskarsa. Daga bakin titi ake jin ta. Zai rubuta kalma a allo, ya yanka ta gaɓa-gaɓa da alli, sannan ya ɗaga hannu. A kan gaɓa mara nauyi ɗalibai su taɓa tebur da yatsu, a kan wadda ake dannawa su sauke dunƙulen hannu gaba ɗaya. Aji guda ya yi ta bugu tare kamar mata sun haɗu a kan turmi, hos-PI-tal, hos-PI-tal, har sai ya gamsu. Yakan ce kai yana mantuwa amma hannu ba ya yi.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma a ajinsa na zauna kamar kowa. Ban taɓa ganin malamin da ya kai shi iya cusa abu a jikin ɗalibi ba. Ba ya duka, ba ya fashi, ko ambaliya ta cinye hanya zai naɗe wando ya iso.

Da na samu aiki a gidan rediyo, sashen Hausa aka kai ni. Amma a lokacin duk mai karanta labarai sai ya iya harsunan biyu, domin ranar da na Turanci bai zo ba, wanda ke kusa ake turawa. A lokacin horo aka miƙo mini labarin wani asibiti, na karanta da ƙarfin gwiwa. Matar da ke horar da mu ta tsayar da na'urar, ta buɗe ƙamus na furuci, ta ɗora farce a kan wata 'yar alama da ke gaban gaɓar farko. HOS-pi-tal. Nauyin a farko yake. Haka ma-DAM ta zama MA-dam, pe-TROL ta zama PE-trol, ko-mi-TI ta zama ko-MI-ti. Na daɗe ina sa wa takardun labarai alama da fensir kafin bakina ya saba.

Daga baya na gane inda abin ya samo asali. Kunnen Bahaushe karin sauti ya sani, da wasali dogo da gajere. Idan Yaya ya ga kalmar Turanci, gaɓar da ta fi cika masa baki ita yake bugawa. Bai taɓa zama da Bature ba. Malaminsa mutumin kudu ne, haka shi ma yake faɗa. A tsallaken iyaka kuma masu Faransanci ƙarshen kalma suke jingina wa nauyi, don haka duk madam ɗin da ta shigo kasuwar Lolo da kaya, ma-DAM ce a bakin kowa. Ta kowace kusurwa Yaya ya juya, shaida yake samu.

Shekara da shekaru wannan saɓani bai wuce abin raha ba a tsakaninmu. Idan na zo hutun Sallah zai ce, "Ga Baturiyar gidanmu ta iso, a shimfiɗa mata ƙamus ta zauna." Ni kuma in tsokane shi da kalma ɗaya ko biyu, ya buga nasa a kan tabarma, a yi dariya, a kawo tuwon shinkafa.

Rahar ta ƙare ne a kan 'yarsa.

Yarinya ce mai natsuwa, kuma tun tana ƙarama take bin wata tsohuwar ungozoma ta unguwarmu, tana riƙe mata fitila da ƙwarya. Ta ga matan da ake kawowa daga ƙauyukan Kaoje a cikin kwalekwale lokacin da ruwa ya cika, wasu an makara. Da aka ware wa 'yan matan yankinmu gurabe a makarantar koyon aikin ungozoma, da sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitocin karkara, sunanta ya fito. Abu ɗaya ya rage: kiredit a Turanci. Ta samu a sauran darussa, a Turanci kuwa mataki ɗaya ya rage mata. Aka ce za a riƙe mata gurbin har ɗiba mai zuwa, ta sake zama jarrabawar. Idan ta kawo sakamakon, ta shiga. Idan ba ta kawo ba, gurbin ya wuce ga wadda ke bin ta.

Na ɗauki hutu na zo gida bayan ruwa ya fara janyewa, ana shirin yankan shinkafa. Muka zauna da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Insha'inta mai kyau ne, fahimtar karatu ba laifi. Sai muka zo takardar furuci. Wannan takarda, ko da yake ta furuci ce, ba a buɗe baki a cikinta. Ana rubuta kalma sau huɗu, kowane da gaɓa daban cikin manyan haruffa, ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Na ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta, sai dunƙule ya sauka, sai ta zaɓa da sauri ba tare da shakka ba. Yawancin waɗanda ta zaɓa ba su ne ke cikin amsoshin bayan littafin ba.

"Ba ki taɓa duba bayan littafin ba?" na tambaye ta.

"Na duba, Gwaggo. Baba ya ce masu buga littafin ne sunka yi kuskure."

Tambayoyin ba su da yawa. Amma wanda mataki ɗaya ya rage masa, ba mai yawa yake nema ba.

Na sami Yaya a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana gyara tabarau da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna daga gefe.

"Yaya, na duba aikin yarinyar nan."

"To, Auta. Mi kinka gani?"

"Komai nata ya yi. Sai wajen danna gaɓa. Yadda aka koya mata ba shi masu maki suke bi ba."

"Yadda aka koya mata," ya maimaita. "Wa ya koya mata?"

Ya ajiye tabarau.

"Tashi mu tafi asibiti yanzu. Ki tambayi nas ɗin nan 'yar kudu sunan wurin da take aiki. Ki tambayi jami'in kwastan a Lolo. Ki tambayi mai kayan gyaran babur na bakin tasha, wanda da Turanci yake addu'a. Duk wanda ya faɗa irin taki, na ba ki gaskiya. Ƙasa guda ta ɓata, ke da littafinki kuna kan hanya?"

"Ban ce ƙasa ta ɓata ba, Yaya. A kasuwa naka ne daidai, kowa zai gane. Amma mai maki ba ya zuwa kasuwa, ƙamus yake buɗewa."

"Ke fa ba yau kinka fara ba. Hausar gidanku ma kin kai ta birni an yi mata aski. Kin tafi kina cewa mi, kin dawo kina cewa me. Yanzu kuma Turancin da na ba ki shi ne bai yi ba."

"Gurbin yarinyar nan nake ji."

"Ni ba na ji?"

Ya ɗauki tabarau ya ci gaba da ɗaure zaren. Na ɗauka maganar ta ƙare, har na fara neman takalmina, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shugaban makarantarmu ɗalibina ne. Rabin malaman firamaren garin nan ta hannuna sunka bi. In na ce ke ce da gaskiya, mi zan ce musu?"

A gidanmu ƙanwa ba ta maimaita wa yayanta magana bayan ya rufe ta. Abin da ƙarami ba zai iya faɗa wa babba ba, taubashi ake ba wa ya kai. Ɗan gwaggo da ɗan kawu babu kunya a tsakaninsu. Zai iya kiran babban mutum bawa a gaban jama'a, ya faɗa masa abin da ko liman ba zai faɗa ba, kuma haramun ne a yi fushi. Na ga an daidaita rikicin gona ta wannan hanya, na ga an sa dattijo ya je asibiti bayan 'ya'yansa sun gaza.

Taubashinmu, ɗan ƙanwar mahaifinmu, a Lolo yake. Yana da jirgin ruwa mai inji, yana tsallakar da kaya da mutane tsakanin nan da can. Bai yi boko ba, amma yana jin Dendi da Faransancin kasuwa, kuma bakinsa ya fi injinsa gudu. Na same shi a bakin ruwa ana loda masa kwandunan bandar kifi.

"Matata ta rediyo!" ya ce. "Kin gaji da mijin birni kin dawo gida ke nan?"

Na bar shi ya gama, sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daina dariya da ya ji batun gurbin, domin yana son yarinyar. Na sa masa ƙamus mai magana a wayarsa, na nuna masa inda zai taɓa muryar wata Baturiya ta faɗi kalmar. Ya taɓa, ya saurara, ya sake taɓawa.

"Wagga ita ce mai harshen?"

"Ita ce."

"To bawana ya shiga uku. Bar ni da shi."

Ranar kasuwar Bagudo ya zo. Da yamma majalisar ƙofar gidanmu ta cika, yawancinsu tsofaffin ɗaliban Yaya ne da suka zama malamai da ma'aikata. Ni ina cikin soro, ina jin komai. Tun daga nesa taubashin ya fara.

"Ina bawan nan nawa mai fasa teburan gwamnati? An ce mini duk kafintocin garin nan albarkacinka suke ci."

"Ku ba shi wuri daga nesa," in ji Yaya, "warin kifi yana hana tunani."

"Tunani? Yau zan gwada naka. Malam Bature, yaya ake ce wa fetur da Turanci?"

"Pe-TROL. Ko jarkokinka sun sani."

"Ƙarya kake, bawa. Na zo maka da uwar ɗakinka."

Ya ɗaga wayar sama ya taɓa. Muryar ta fito siririya, a tsanake: PE-trol. Ya sake taɓawa. Ya kawo asibiti, ya kawo madam, ya kawo kwamiti. Kowace kalma ta fito da nauyinta a inda Yaya bai taɓa sa shi ba. Majalisa ta yi tsit. Na ji wani ya yi gyaran murya. A wannan shirun ne abin zai iya yiwuwa. Da Yaya ya ce, to, bawa ya kama ubangidansa yau, da an yi dariya, da gobe ya gyara ba tare da ya zubar da komai ba. Amfanin taubashi ke nan.

"Miƙo ta nan," in ji Yaya. Ya karɓi wayar, na ji ya sake kunna muryar. "Wagga baiwar Allah, ta taɓa ɗaukar jarka a kai? Ta taɓa kwana a layin gidan mai? Mutumin da ya sha wahalar abu shi ya san sunansa. Ita ta ce PE-trol don a hankali yake zo mata. Mu da muke ihu kafin mu same shi, pe-TROL!"

Ya buga benci. Majalisa ta fashe. Wani daga cikin tsofaffin ɗaliban ya ɗauka, yatsu sannan dunƙule, pe-TROL, wani ya karɓa, nan da nan manyan mutane masu furfura suna bugun benci kamar 'yan aji ɗaya. Da na leƙa, taubashin namu ma yana bugawa, hawaye na zubo masa don dariya. Ban ga laifinsa ba. Taubashi dariya yake fita nema, kuma ya same ta. Amma maganar da ta shiga majalisa a matsayin wasa ta fita a matsayin wasa. Daga ranar duk wanda ya ɗaga batun, sai a ce, a'a, zancen matar cikin waya ne?

Bayan magariba Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakin da na sauka. Bai shigo ba.

"Auta, wayar mai jirgi ba ta san ƙamus ba sai da kinka zo garin nan."

"Haka ne, Yaya."

"Ɗiyarki ce. Da yamma ki koya mata abin da kinka ga dama. Safiya tawa ce."

A ganinsa adalci ya yi, kuma a wajen mutum irinsa ba ƙaramin sassauci ba ne. Haka aka raba yarinyar. Bayan sallar asuba ya zaunar da ita gaban ƙaramin tebur, in ji bugun yana ratsa bango. Da la'asar ta zo wurina da littafinta, in sa wa kalmomin alama da fensir, in faɗa ta maimaita. Na ce kada ta buga, ta saurara kawai. Sai ta zauna a kan hannayenta. Tana da kaifin kai, ta riƙe nawa da sauri. Amma washegari da asuba ta koma ta buga na mahaifinta, da dukkan ƙarfinta, domin ba za ta zauna gabansa ta ƙi ba.

Wata rana ta rufe littafin ta ce, "Gwaggo, in na zaɓi naki, na ce Baba ƙarya yake koyarwa ke nan?"

"A'a. Kin ce kina son gurbin nan ne kawai. Ba wanda zai ga abin da kika zaɓa."

"Shi ma yana so in samu."

"Na sani."

"To don mi ba za ku zauna ku zaɓa mini ɗaya ba?"

Na koma wurin Yaya da wannan tambayar tata, duk da na san bai kamata in sake ba. Na roƙe shi ya bar safiyar har a gama jarrabawa, ko ya koya mata insha'i a lokacin. Ya ce uban da ya zauna yana kallo 'yarsa za ta shiga jarrabawar darasinsa bai taimaka mata ba, ba uba ba ne. Na ce to ni in janye. Ya ce wannan tsakanina da ita ne. Da na gaya mata zan janye, ta kama gefen zanena ta ce in na bar ta, ta san abin da zai fito, domin ta riga ta gan shi sau ɗaya.

Ranar takardar Turanci, yarinyar ta dawo da rana tsaka. Ba ta cire hijabi ba, ta zauna kusa da randa, ba ta sha ruwan ba. Mahaifinta yana makaranta. Na zauna kusa da ita na jira.

"Insha'in ya yi sauƙi," ta ce. "Na rubuta a kan ambaliya."

"Madalla. Ta furucin fa?"

"Gwaggo, kowace kalma sau biyu nake jin ta. In ji hannuna ya buga, in ji muryarki ta faɗa. Da farko ina gane wanne ne naki. Can sai sunka cakuɗe. Na ga kwamiti, na san ɗayanku tsakiya yake dannawa, ɗaya ƙarshe, na rasa wane ne wane. In zaɓa, in goge, in sake zaɓa, har takardar ta kusa hujewa." Ta dubi tafin hannunta. "Bara ko ba daidai ba ne, ina zaɓa in wuce. Bana ina nan tsaye aka ce a ajiye fensir. Na ƙarshen nan, na alamomin sauti, waɗanda na fi iyawa, ban kai gare su ba."

Da Yaya ya dawo ya tambaye ta, ta ce alhamdu lillahi. Ya ce haka ake so.

Na koma bakin aiki. Sakamakon ya fito bayan wasu watanni, kuma matakin da ta samu bara shi ta sake samu. Ba a nuna wa ɗalibi makin kowace takarda, don haka babu mai iya rantsewa a kan inda ta faɗi. Yaya ya ce masu maki ba sa tsoron Allah. A waya ya gaya mini haka, da Hausa, kuma tun daga lokacin bai sake furta kalmar Turanci a gabana ba, ko da wasa. Na ce wa yarinyar ta zo wurina a birni ta sake zama, ko da gurbin ya tafi, wata ƙofar za ta buɗe. Ta ce, "Gwaggo, na gaji." Na sake tayar da maganar sau da yawa, amsar ba ta canza ba. Yanzu tana taya matar taubashinmu turara shinkafa, suna kai wa 'yan kasuwa.

Gurbin ya wuce ga wadda ke bin ta, kuma ƙawarta ce, gidansu yana bayan namu. Ranar da 'yan matan za su tafi makarantar na zo Bagudo gaisuwar wata rasuwa, sai muka haɗu a tasha. 'Yar yayana ce ta ɗauko wa ƙawar akwatinta a kai tun daga gida. Ta tsaya har yaran mota suka ɗaure shi a sama, ta ja igiyar da kanta ta tabbatar ta kama. Ta leƙa ta taga ta ce wa ƙawar ta riƙa cin abinci, kuma idan an fara koya musu karɓar haihuwa ta kira ta ta ba ta labari. Motar ta tashi. Ta tsaya har ta sha kwana, sannan ta warware gammon da ta yi da ɗankwalinta, ta kaɗe shi, ta ce mini za ta wuce, ta bar shinkafa a wuta.